Tambaya, fitsari ko bayan gida: da me ya kamata a auna cutar tsutsa a ƙauyukan Katsina?

Duk wanda aka ɗora wa alhakin gano yawan cutar tsutsa a wani yanki na jihar Katsina, ko jami'in lafiya ne na ƙaramar hukuma, ko ɗalibin jami'a mai aikin kammala digiri, ko ƙungiyar ci gaban gari da ta yi karo-karo tana son sanin halin da yaranta ke ciki, tambayar da zai fara cin karo da ita ɗaya ce: me za a auna, kuma da me? Kuɗin da ke hannu ba sa isa a yi komai da komai, dole a zaɓa. Zaɓin da aka yi kuwa shi ke yanke wane ƙauye zai samu magani, wane za a tsallake.

Tsutsotsin da ake magana a kansu gida biyu ne. Akwai tsargiya, wadda ke shiga ta fata idan mutum ya taka ko ya yi wanka a ruwan da ke da wani ɗan ƙaramin dodon koɗi mai ɗauke da ita. Irin da ta fi yawa a wajenmu tana zama ne a jijiyoyin jinin da suka kewaye mafitsara, ƙwanta na fita ta fitsari, shi ya sa yaro ke ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Tana da 'yar'uwa mai zama a jijiyoyin hanji, wadda ƙwanta ke bin bayan gida. Gida na biyu su ne tsutsotsin hanji da ake ɗauka daga ƙasar da aka ɓata da bayan gida: macijin ciki, da mai ƙugiya wadda ke huda ƙafar mai yawo ba takalmi ta je ta maƙale a hanji tana shan jini, da wata siririya da ake kira mai bulala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.5 na ɗauke da waɗannan na hanji, sannan a 2021 sama da mutum miliyan 250 ke buƙatar maganin tsargiya, akasarinsu a Afirka, Nijeriya na sahun gaba. Kurkunu dai ta fita daga lissafi, tun 2013 aka tabbatar wa ƙasar nan ta rabu da ita.

Akwai wani hali na tsutsa da ya raba ta da zazzaɓin cizon sauro, wanda idan ba a riƙe shi ba duk lissafin zai karkace. Ƙwayar zazzaɓi tana hayayyafa a cikin jini. Waɗannan tsutsotsin ba sa ƙaruwa a jikin mutum: ƙwan da suka saka sai ya fita waje tukuna, don haka kowace tsutsa da ke cikin yaro daga waje ta shigo, ɗaya bayan ɗaya. Yaro mai tsutsa biyu da yaro mai ɗari biyu duk za a rubuta musu “yana da ita”, alhali na farko yana wasansa lafiya lau, na biyu kuwa idonsa ya yi fari, yana gyangyaɗi a aji. Ƙari a kan haka, tsutsa ba ta rabuwa daidai a cikin jama'a. Kusan ko'ina aka auna a duniya, 'yan tsirarun mutane, wajen ɗaya cikin biyar, su ke ɗauke da mafi yawan tsutsotsin gari. Su suka fi jigata, su ne kuma suka fi zuba ƙwai a ruwa da ƙasa. Ke nan lamba biyu ake nema: mutum nawa ke da ita, da kuma nauyin da ke kan kowa. Wasu hanyoyin ta farko kawai suke bayarwa.

Sai yanayin ƙasarmu. Ƙwan macijin ciki da 'ya'yan mai ƙugiya suna son ƙasa mai laima da inuwa. Zafin bazara da busasshen rairayin Daura, Zango, Baure, Mai'aduwa da Kaita ba su yi musu daɗi ba, shi ya sa tsutsotsin hanji suka fi yawa nesa ba kusa ba a kudancin Nijeriya. A cikin jihar ma, ɓangaren Funtuwa, Bakori, Danja da Sabuwa, inda ruwan sama ke kai wa wajen milimita 1,000 a shekara, ya fi musu daɗin zama a kan arewacin jihar da ke samun ɗan abin da ya haura rabin haka. Ita tsargiya ba ruwanta da fari, muddin akwai inda ruwa ke kwanciya. Kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini, fadamun noman rani, da madatsu irin su Zobe ta Dutsin-Ma, Jibiya, Ajiwa, Sabke, Daberam, Mairuwa da Gwaigwaye, duk wuraren zaman dodon koɗi ne. Ƙarancin ruwan ma shi ke tara mutane wuri guda: wanka nan, wanki nan, shayar da dabbobi nan. Wannan ba sabon sani ba ne. A shekarun 1970, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun shafe shekaru suna aiki a Malumfashi, har suka zauna a bakin madatsar Ruwan Sanyi suna lura da masu shiga ruwa da abin da ke kai su. Sun tarar yara maza da samari su suka fi shiga, su suka fi zubar da ƙwai. Saboda haka tun daga nan na karkata: a mafi yawan Katsina, kaso mafi tsoka na kuɗin bincike fitsari ya kamata ya bi, ba bayan gida ba.

Hanya mafi araha ita ce tambaya. A buga takarda, a ba malaman makaranta, su tambayi kowane yaro ko ya ga jini a fitsarinsa a 'yan makonnin nan. Ba madubin likita, ba wuta, ba ma'aikacin ɗakin gwaji, kuma ana iya karaɗe makarantun ƙaramar hukuma gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. An gwada ta a ƙasashen Afirka da dama, ta kuma nuna tana iya jera makarantu daga mafi tsanani zuwa mafi sauƙi. A tsohuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, inda kashi 30 cikin 100 na yara suka ce suna fitsarin jini, an ɗauke shi wuri mai tsananin haɗari ko da ba a yi wani gwaji ba.

Amma yadda aka yi tambayar shi ne komai. Idan malam ya tsaya gaban allo ya ce, “Wa ke fitsarin jini a cikinku?”, aji zai ɗauki dariya, wasu maza su ɗaga hannu don abokansu sun ɗaga, layin 'yan mata kuwa kowa ta sunkuyar da kai. A wasu garuruwan ana ɗaukar jinin alamar yaro ya fara zama namiji, ba wanda ke kallonsa a matsayin ciwo, a wasu kuma abin kunya ne da ake ɓoyewa har ga uwa. Idan labari ya bazu cewa masu cewa “e” za a ba su magani kyauta, ranar kowa mai tsargiya ne. Gyaran shi ne a kira yara ɗai-ɗai, mace ta tambayi mata, a kuma saka tambayar a tsakiyar wasu: tari, ƙaiƙayi, ciwon ciki, ciwon kai, don kada yaro ya gane wacce ake farauta. Ko an yi hakan, tambaya ba ta ganin mai cutar da jininsa bai fito fili ba, ba ta faɗin nauyi, ba ta kuma san komai game da tsutsar hanji ba. Amfaninta shi ne ta nuna maka inda za ka kai kayan aiki. Wanda ya rubuta rahoto da ita kaɗai ya ce “kashi kaza na da tsargiya” ya faɗi abin da bai auna ba.

Mataki na gaba shi ne tsinken gwajin fitsari, wata 'yar siririyar roba mai ɗan auduga a baki. A tsoma a fitsari, a ciro, a jira kamar minti ɗaya. Idan akwai jini, ko da ido ba ya ganinsa, audugar za ta juye daga ruwan ɗorawa zuwa kore, sai a kara da jadawalin launukan da ke jikin kwalbar. Ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin ƙauye zai iya koyonsa a zama ɗaya, kuma mutum biyu na iya gama yara hamsin kafin a tashi tara. Masu binciken Malumfashi ma tun a wancan zamani sun ba da shawarar a yi amfani da shi wajen zaƙulo masu nauyin cutar. A wurin da tsargiya ta yi yawa, yaron da tsinke ya nuna jini a fitsarinsa, galibi ita ce.

Inda yake yaudara sananne ne. Yarinya mai al'ada za ta nuna jini. Haka mai ciwon sanyin mafitsara, da mai tsakuwar ƙoda, wani lokaci da mai sikila. Wannan ba ya ɓata lissafi sosai a ƙauyen da rabin yara ke da tsargiya, amma a inda cutar ta ragu zuwa 'yan kaɗan, waɗannan na iya zama kaso mai yawa na waɗanda tsinken ya nuna. Sannan tsinken ba ya son zafi da raɓa. Kwalbar da aka bari a buɗe, ko ta wuni a bayan mota a watan Afrilu, ta tashi daga aiki, illa dai ba za ta faɗa maka ba. A duba ranar lalacewa, a rufe bayan kowane ɗauka. Duhun launin yana ɗan nuna nauyin cutar, amma ba ƙidaya ba ne.

Ƙidaya ta gaskiya sai an tace fitsari. Ana karɓarsa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fitowa. A girgiza robar don ƙwan da ya kwanta ya taso, a zuƙi mililita 10 da sirinji, a tura ta cikin wata 'yar matata mai faɗin kwabo, a ciro matatar a ɗora a kan gilashi, a ɗiga mata ruwan aidin, a duba da madubin likita. Ƙwan tsargiyar mafitsara ba ya ɓuya ga wanda ya taɓa ganinsa: dogo ne mai ɗan tsini a ƙarshe, idan ba a ɗiga aidin ba, wani lokaci har ka hangi ɗan da ke ciki yana motsi. A ƙirga. Daga 1 zuwa 49 a mililita 10 ana kiransa mai sauƙi, daga 50 zuwa sama mai nauyi. Wannan lambar ta biyu ita duniya ke kallo yanzu. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 zuwa 2030, ana cewa tsargiya ta daina zama matsalar lafiyar jama'a idan masu nauyin ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Da tambaya ko tsinke ba za ka iya cewa ka kai nan ko ba ka kai ba.

Tsadarsa ba a matata take ba, a mutum take. Ana buƙatar wanda ya iya madubi, mai haƙurin ƙirga gilashi na arba'in kamar yadda ya ƙirga na farko, da wani na biyu da zai sake duba ɗaya cikin goma ba tare da ya ga abin da na farko ya rubuta ba. Ana buƙatar haske: ko janareto, ko batir, ko tsohon madubin nan mai karɓar hasken rana, wanda har yau ban ga abin da ya fi shi rufin asiri a ƙauye ba. Fitsarin kuma ba ya son jira, idan ya daɗe ko ya gauraya da ruwa ƙwai na iya ƙyanƙyashewa. Sannan fitar ƙwai na hawa da sauka daga rana zuwa rana, don haka gwajin yini ɗaya zai tsallake wasu masu sauƙin cutar. Masu nauyin dai da wuya su kuɓuce masa, su ne kuwa aka fi nema.

Bayan gida kuma nasa gwajin shi ne Kato-Katz, sunan mutum biyu: Kato na Japan da ya fara shi a shekarun 1950, da Katz na Birazil da ya gyara shi a 1972. Ana murza ɗan bayan gida a kan raga don a raba shi da ƙaiƙayi da zare, a kankare wanda ya fito, a cika wani ɗan rami da ke jikin faifan roba wanda ke ɗaukar miligiram 41.7 daidai, a ɗage faifan, a rufe da wata leda mai shara-shara da ta kwana cikin gilisarin mai kore, a kife gilashin a danna har ya baje. Ana cewa ya yi idan ana iya karanta rubutun jarida ta cikinsa. Duk adadin ƙwan da aka gani a ninka shi sau 24, shi ne ƙwai a giram ɗaya. Kowace tsutsa da ma'auninta, don ba ɗaya suke saka ƙwai ba. Macen macijin ciki na iya zuba wajen 200,000 a rana, shi ya sa sai an kai 5,000 a giram ake cewa matsakaici, 50,000 mai nauyi. Mai ƙugiya 2,000 da 4,000, mai bulala 1,000 da 10,000, tsargiyar hanji kuwa 100 da 400 kacal.

Gwaji ne mai kyau, guda ɗaya ya kama tsutsa huɗu. Sai dai wahalarsa ta ninka ta fitsari. Ƙwan mai ƙugiya yana narkewa ya ɓace daga gilashin cikin minti 30 zuwa 60, don haka wanda ya haɗa gilasansa a ƙauye ya ɗauko su zuwa Katsina don ya duba da yamma zai rubuta babu mai ƙugiya, alhali tana nan. Dole a duba a wurin. Sai kuma karɓar samfurin kansa. Fitsari yaro zai zagaya bayan aji ya kawo nan take, bayan gida kuwa ba a yi masa dole. Idan an ba da roba a tafi da ita gida, wasu iyaye ba za su yarda ba, don mutanenmu ba sa sakin jiki da baƙon da ya zo neman irin wannan abu. Yara kuma suna da dabararsu: wanda ya samu ya yi sai ya ɗebar wa abokansa uku. Idan ka ga robobi huɗu a jere masu launi ɗaya da ƙidaya kusan ɗaya, ka san abin da ya faru.

To, a Katsina ya cancanci wannan wahalar? Ƙa'idar rabon maganin tsutsar hanji ita ce: ƙasa da kashi 20 cikin 100 ba a rabon gama-gari, daga 20 sau ɗaya a shekara, daga 50 sau biyu. Kuma tsutsar hanji, saɓanin tsargiya, tana bin yanayin ƙasa ne mai faɗi, ba ta canzawa sosai daga wannan ƙauye zuwa na kusa da shi. Shi ya sa shawarar da aka saba bi ita ce makarantu biyar, yara hamsin-hamsin, su wakilci yanki guda mai yanayi iri ɗaya. Ra'ayina: a yi Kato-Katz a 'yan wurare zaɓaɓɓu, a fi ba kudancin jihar da garuruwan lambu muhimmanci, a riƙa komawa wuraren bayan 'yan shekaru. Yin sa a kowace makaranta a Sandamu ko Mashi kashe kuɗi ne a kan tambayar da makarantu biyar za su amsa.

Sababbin gwaje-gwaje ba za su ɗauke mu lokaci ba. Akwai CCA, mai kama da gwajin zazzaɓi na gaggawa, ana ɗiga fitsari layi ya fito. Yana kama tsargiyar hanji da kyau, amma yana da rauni a kan ta mafitsara, wadda ita ce tamu. Akwai PCR, gwajin da ke neman ƙwayar halittar tsutsar, mafi kaifin ido duka, mai buƙatar babban ɗakin gwaji da wutar da ba ta yankewa. Na masu digiri na uku ne da wuraren da ke dab da kawar da cutar.

Duk waɗannan tsutsa suke aunawa, ba ɓarnarta ba. Mai son sanin ɓarna sai ya ƙara wani abu. Mafi sauƙi shi ne auna jini da ɗigo ɗaya daga yatsa, da tsawo da nauyin yaro. Mai ƙugiya guda na shan abin da bai kai ɗigo ba zuwa 'yan ɗigo a rana, amma ɗaruruwa a cikin yaron da ba ya samun nama da ganye sosai sun isa su tsotse shi. Matsalar ita ce ƙarancin jini a nan iyayensa da yawa: zazzaɓi, sikila, rashin abinci mai gina jiki. Sai an kwatanta masu nauyin tsutsa da marasa ita a gari ɗaya kafin a ɗora mata laifi. Hoton sikanin ya fi nuna ɓarnar tsargiya ƙuru-ƙuru: kaurin bangon mafitsara, kumburin ƙoda saboda toshewar hanyar fitsari. Ƙa'idar karanta wannan hoton ma a Yamai aka tsara ta, a taron masana na 1996. Yana da muhimmanci, don tsargiyar mafitsara na cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar mafitsara, a jikin mata kuma ƙwan na iya zama a mahaifa da al'aura ya jawo ciwon mara, zubar jini da matsalar haihuwa, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Amma sikanin na ƙaramin rukuni ne, ba na dubban yara ba. Wasu kuma rajistar makaranta suke dubawa. Binciken Edward Miguel da Michael Kremer a yammacin Kenya, wanda aka buga a 2004, ya nuna ba da maganin tsutsa ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kodayake wasu masana sun sake lissafin sun yi ta jayayya a kai. A wajenmu, inda damina da ranar kasuwa da talla ke kwashe yara daga aji, da wuya rajista ta rarrabe maka fashin tsutsa da na gona.

Sai lambar da manyan ofisoshi suka fi so, DALY, wadda ta shahara daga rahoton Bankin Duniya na 1993, aikin Christopher Murray da Alan Lopez. Tana haɗa shekarun da mutuwar wuri ta cinye da shekarun da aka rayu cikin rashin lafiya, bayan an ba kowace cuta wani maki tsakanin 0, wato cikakkiyar lafiya, da 1, wato mutuwa. Tunda tsutsa ba ta cika kisa nan take ba, kusan duk lissafinta a kan makin nan ya rataya. A farko an ba tsargiya wajen 0.005. A 2005 Charles King da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kan ƙarancin jini, ciwo da kasala, suka ce abin da ya dace yana tsakanin 0.02 da 0.15. Ɗauki yara 1,000 masu tsargiya na shekara guda: da makin farko an yi asarar shekara 5, da na biyu 20 zuwa 150. Yaran ba su canza ba, alƙalami ne ya canza. DALY na da amfani idan kana gaban masu kasafin kuɗi kana son nuna tsutsa ta cancanci kaso kusa da sauran cututtuka. Ba ta da abin cewa a kan ko Daberam za a fara zuwa ko Sabke, kuma ɗalibin da ya lissafa ta daga makarantu uku ado kawai ya yi wa kundinsa.

Abin da ya fi zaɓin kayan gwaji tasiri, a ganina, shi ne inda aka je da wanda aka gwada. Jihar nan na da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Tsargiya tana manne da ruwanta: ƙauyen bakin madatsa na iya cika da ita, wanda ke da rijiyar burtsatse kilomita kaɗan daga nan babu ko ɗaya. Idan aka zaɓi makarantu biyar a bakin titi aka raba sakamakon a kan ƙaramar hukuma, kamar a haɗa kuɗin attajiri da na ɗan dako ne a raba biyu a ce kowa na da rufin asiri. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce inda masu cutar suka kai kashi 10 cikin 100 a ba kowa maganin praziquantel duk shekara, daga ɗan shekara 2 har manya. Ƙaramar hukumar da matsakaicinta ya tsaya a 8 za ta faɗi ƙasa da layin, alhali tana iya ƙunsar ƙauyen da ya kai 60. Kamata ya yi ma'aunin ya sauko zuwa mazaɓa, a zana taswirar ruwa kafin a zaɓi makaranta.

Makarantar boko ma ba ita ce duk yaran gari ba. Almajiran tsangaya, waɗanda wankansu da wankinsu a kududdufi ne, da 'ya'yan Fulanin ruga masu kai shanu ruwa, da yaran masunta da masu aikin lambu, su ne suka fi kowa shiga ruwa, su ne kuma ba sa cikin rajista. Binciken da ya tsallake su ya rage lambar tun kafin a fara. Shiga tsangaya ba wuya idan an bi ta hannun mai unguwa, aka je aka durƙusa aka ce, “Allah ya gafarta Malam, mun zo ne a kan yaran nan masu fitsarin jini, muna so mu duba su mu ba su magani a gabanka.” Alaramma ya fi kowa sanin waɗanda ke fama da ita. A ɓangaren mata kuma a tafi da ma'aikaciya mace, ta tambayi 'yan matan da suka tasa ko suna al'ada kafin a tsoma tsinke.

Lokaci ma na da nasa. Kada a auna jim kaɗan bayan rabon magani, a bari aƙalla wata shida, mafi kyau dab da rabo na gaba. Tsargiyar mafitsara na ɗaukar wata biyu zuwa uku daga shigarta kafin ƙwai su bayyana, don haka abin da aka kwasa a kududdufan damina sai da kaka zuwa hunturu yake fitowa sosai. Lokacin hanyoyi sun bushe, yara kuma sun dawo daga gona.

Ga ƙungiyar gari mai ɗan kuɗi, tambaya a duk makarantu da tsangayu, sannan tsinke a inda amsar ta yi yawa, sun isa a ɗauki takarda a kai wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ga jami'in da zai tsara rabon magani, tsinke a kowace mazaɓa mai ruwa, tare da tace fitsarin duk wanda tsinken ya nuna da wani kaso na waɗanda bai nuna ba, sai Kato-Katz a makarantu biyar na yankin. Ga wanda ke son sanin ko shekarun rabon magani sun yi aiki, ba makawa sai ƙidayar ƙwai, a wurare ɗaya, a wata ɗaya na shekara, don yawan masu cutar na iya tsayawa cak alhali masu nauyin sun ragu ƙwarai. Ɗalibi kuma gara ya ɗauki ƙauyuka biyu ya yi musu tacewa ta kwana biyu ko uku a jere da awon jini, da ya watsu a goma da gwaji ɗai-ɗai.

Kowace aka zaɓa, a saka kuɗin magani da na abinci a cikin kasafin tun farko. Praziquantel ana ba da shi miligiram 40 ga kowane kilo, ko a auna tsawon yaro da sandar awo idan ba sikeli, kuma ba a shan sa da yunwa, don yana sa jiri da murɗar ciki, musamman ga masu nauyin cutar. Yaro ɗaya ya yi amai a layi ba tare da an gargaɗi iyaye ba, gobe rabin aji ba za su zo ba. Ƙosai da kunu kafin a sha suna rage wannan sosai. Wanda kuma jininsa bai tsaya ba bayan 'yan watanni da shan magani, a rubuta masa takarda zuwa babban asibiti a yi masa sikanin mafitsara da ƙoda.